Ruwan da Dasom Take Nema

Dasom ta riƙe bayan kujerar Baba Gwak kamar shi ne ke kaɗa iskar.

"Baba, ɗan ƙara min lokaci. Kaɗan kawai."

Gwak Mansik ne ke juya babban farantin sauraron taurari na tsibirinsu tun tana rarrafe. Bai ko ɗago ba. Lemo yake ɓarewa, idonsa na kan ma'aunin iska.

"Ke 'yar nan, ni na aiko guguwa? In ta tumɓuke farantin nan, ke za ki tsamo shi daga teku?"

Digirinta na uku kacokan ya rataya ne a kan wasu ɗige-ɗigen tururin ruwa, can cikin gajimaren gas mai zafi inda sababbin taurari ke tsirowa. Ɗige-ɗigen suna aiko da sigina mai ƙarfi. A auna inda suke yau, a sake aunawa bayan watanni, sai a gane inda gas ɗin ya dosa. Amma ba sa jiran kowa, su haska, su dushe abinsu. Nata sun fara dushewa. In ta rasa awon yau, na baya duk sun tashi a tutar babu, kuma layin amfani da farantin ba zai sake zagayowa kanta ba sai baɗi.

Da safe har miyar ganyen teku ta ƙi sha, wai kada santsinta ya zame da sa'arta. Ita da ke yi wa masu camfi dariya!

"Dubi allo, Baba. Ga su nan, sun fito fa."

"Na gan su, ɗiyata. Dubi wancan allon kuma."

Ƙararrawar iska ta ɗauki kuka. Baba Gwak ya goge hannu a wando, ya danna maɓalli. Ta taga ta ga farantin yana ɗagowa a hankali, yana barin ɗige-ɗigenta, har ya fuskanci sama sak, yadda ake ajiye shi in guguwa ta taso. Layin siginar da ke kan allo ya kwanta. Tausayin kanta ya kama ta, ga shi babu wanda za ta yi wa fushi.

Sai ruwa ya kece, yana zuba cikin farantin.

Baba Gwak ya miƙa mata rabin lemon, murya ƙasa-ƙasa.

"Shekara da shekaru kina neman ruwa a sama. To ga shi ya zo da ƙafarsa."

Ta so ta yi dariya don kada ya ji kunya. Ta karɓi lemon, ta zauna tana kallon ruwan.