Daƙiƙa Biyar

Janareta ya tashi, fitilun masana'antar jima sun dawo, amma fayil ɗin ɗakin rini bai dawo ba. Sunansa na nan a kan allo, cikinsa fayau.

Uwaisu, mai kula da kwamfutocin kamfanin, ya buɗe shi karo na huɗu. Babu ko harafi. A ciki ma'aunin duk wata kala da ake rina fata da ita a wannan gida na Challawa yake, aikin shekara ashirin da shida.

"Injiniya, fata ɗari takwas na cikin ganga," in ji Malam Ɗayyabu, shugaban marina, daga bakin ƙofa. "Karanto mini ja mai duhu, lamba sha bakwai."

"Ku ɗan ba ni lokaci, Malam."

"Da littafina ne, da tuni na lashi yatsa na buɗe."

Littattafan babu su. Bara da aka gama kwafe su, manaja ya sa an ƙone, wai warin sinadari ya cika ofis.

Badi'a, abokiyar aikinsa, ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya. "Na duba kwafin ajiya. Da wuta ta dawo, na'ura ta kwashi fankon ta ɗora a kansa."

Bai iya kallon ta ba. Wata uku da suka wuce suka cire wa kwamfutar tsohon faifan ajiya mai juyawa, suka sa sabo, irin SSD ɗin nan da ba ya ko gurnani. Gwajinsu na kullum ɗaya ne: a rubuta fayil, a fizge wayar wuta, a kunna a ga ko ya tsira. Tsohon bai taɓa ba su kunya ba. Sabon kuwa, cikin goma sai ya zubar da ɗaya. Badi'a ta ce faifan ne ke ƙarya, yana cewa ya rubuta alhali abin na hannunsa bai ajiye ba. Ta nemi mako guda ta bi diddigi. Shi kuma hutun Sallah yake hange. Ya ce gwajin ne tsohon yayi, ya ƙara jiran daƙiƙa biyar kafin a fizge waya. Hamsin cikin hamsin suka wuce lafiya. Ya sa hannu, har yana tsokanar ta da sarauniyar wasiwasi.

Wutar yau ba ta tsaya ƙirga biyar ba.

"Malam," in ji Uwaisu, "kala nawa za ku iya kawowa da ka?"

Tsohon ya dubi tafin hannunsa da rini ya riga ya zauna wa.

"Baƙi da ruwan ƙasa. Sauran don kar in manta na rubuta su. Kai ka ce mini kwamfuta ba ta mantuwa."

"Ni na ce."

Mai gadi ya yi sallama, bayansa wani baƙo rataye da jakar tafiya. Mutumin ya gaisa da kowa cikin gurguwar Hausa, ya zaro ƙyallen fata shuɗi mai ɗaukar ido ya shimfiɗa a kan tebur.

"Daga Aba nake. An ce nan kaɗai ake wannan kala. Manajanku ya ce Alhamis zan loda fata dubu biyu."

Malam Ɗayyabu ya ɗauki ƙyallen, ya shafa, ya juya bayansa. Sannan ya miƙa wa Uwaisu.