Murfin Kwamfutar Malam Dalhatu

Ina tsugune gaban buhun riɗi a kasuwar Maigatari, hannuna ya nutse har gwiwa ina laluben ko an cusa tsakuwa a ƙasa, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Na share ta. Ta sake yi, ta kuma sakewa.

"Alhaji, amsa mana," in ji mai riɗin. "Ko daga gida ne?"

"Ina fa. Kwamfutar maƙwabcina ce take gaishe ni."

Ya yi min kallon wanda rana ta taɓa, ni kuwa ban tsaya yi masa bayani ba.

Katanga ɗaya ce ta raba ni da Malam Dalhatu a Gumel. Da ya yi ritaya daga aikin sakatariya, maimakon ya sayi awaki ya huta kamar kowa, sai ya ɗora wa kansa koyon rubuta manhaja da furfurarsa. Mutane na kawo masa kwamfutocin cinya na gwanjo waɗanda zafin bazara ya kumbura wa batir, abin yana ci masa rai. Ya ce zai haɗa 'yar manhaja da za ta riƙa tambayar kwamfuta lafiyarta: zafin cikinta, ko fanka na juyawa, abin da ya rage a batir, ko tana kan caji, ko murfinta a buɗe yake. Sai ta aika wa mai ita amsar a waya. Da ya tashi gwaji a kan tasa, duk unguwar bai ga wayar da ta yi masa ba sai tawa, ni da ko rediyo ta lalace sai dai in buga mata mari.

"Kwana biyu ne kawai, Alhaji Mannir," haka ya ce. Aka yi girbi, aka sha sanyi, aka shiga bazara, saƙo bai fasa zuwa ba.

Na yi mita har na gaji, daga baya na saba. Ta nan na san yinin mutumin fiye da yadda na san nawa. Da ladan ya ɗaga murya, saƙo zai shigo cewa murfi a rufe yake. Malam ya ce ba ya iya sallah allo na kallon ƙeyarsa. Da ya shafa addu'a kuma sai ya buɗe. Tun da hawan jini ya fara sa shi jiri ya koma yin azahar da la'asar a zaure, inda yake aiki, ƙofar ƙarfe a sakace saboda yara, abin sauraro a kunne.

Na karkaɗe hannu na ciro wayar don in kashe ƙarar.

"Zafi: 88. Fanka: iya ƙarfinta. Caji: an cire. Batir: 71. Murfi: a buɗe."

Shi da kansa ya koya min cewa in zafi ya haura tamanin, kwamfuta na cikin wahala. Tasa ba ta taɓa kaiwa nan ba, domin a kan bulo biyu yake ɗora ta iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinta. Kuma wa ke cire caji da tsakar rana, sola na ci kamar wuta? Na gangara saƙonnin baya ɗaya bayan ɗaya. Ni na daɗe da idar da azahar a masallacin 'yan hatsi, amma murfin Malam Dalhatu bai rufe ba ko sau ɗaya.

Na kira shi, ta yi ta ruri har ta katse. Matarsa Nana Firdausi ta tafi suna Ɗanzomo, shi kaɗai ne a gidan. Na kira matata Rahamatu.

"Ki sa hijabi ki je ki buga ƙofar Malam. Kada ki kashe wayar."

Na ji takunta, na ji sallamarta, na ji ƙarfe na amsa bugun hannunta.

"Baban Sumayya, shiru fa. Amma akwai abin da ke kuka a ciki, kamar injin niƙa daga nesa."

"Fanka ce. Koma ki taka turmi ki leƙa ta katanga."

"Gidan namiji, matarsa ba ta nan? Ka ji abin da kake faɗa kuwa?"

"Na ji. Ki leƙa."

Ta leƙa. Ta ce babu kowa a tsakar gida, butarsa na nan a bakin randa, ƙasan wurin a bushe. Cikin zauren kuwa ba a hango shi daga nan. Na ce ta aika a kira mai unguwa, na bar riɗin da mai shi baki buɗe, na nufi tasha.

Ranar Alhamis a Maigatari mota ba ta tashi don gaggawar mutum ɗaya. Sai da aka cusa awaki a but, aka yi cacar baki a kan buhun kanwa, direba ya je neman canji. Ina zaune a gaba, gumi na bin bayana, waya a tafin hannu. Zafi ya hau casa'in da biyu. Batir ya sauka hamsin da wani abu. Murfi a buɗe.

Mun ɗau hanya ke nan mai unguwa ya kira.

"Alhaji Mannir, ga mu a ƙofar gidan. Mun buga, mun yi kira. Ka san shi da toshe kunne. Yanzu me kake so a yi?"

"Ranka ya daɗe, a shiga ta gidana a haura katanga."

"A haura gidan mutum da rana tsaka? A kan wane dalili?"

"Kwamfutarsa ta yi zafi."

Na ji wani a bayansa yana tambayar me na ce, aka maimaita masa, aka yi 'yar dariya. Ni kaina na san yadda maganar ta fito.

"Ranka ya daɗe, bai rufe ta da azahar ba. Tun da na san abin nan bai taɓa tsallake sallah ɗaya ba."

Wannan ta ɗan shige shi. Ya ce to, bari a nemo tsani a wurin masu gini.

A wani shingen jami'ai aka tsayar da mu saboda awakin. Muna nan a gefen titi aka kira la'asar a wani ƙauye da ke gefe, muryar na zuwa tana yankewa da iska. Ladan bai kai ƙarshe ba wayata ta yi ƙara.

"Murfi: a rufe."

Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Na kira mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ku bar tsanin. Ya rufe. Ya tashi sallah, lafiyarsa ƙalau."

"Ka tabbata?"

"Ga shi a gabana."

"To madalla. Kai da kwamfutarka kun tara mana jama'a a banza. Mu ma bari mu je mu yi tamu."

Na ji yana sallamar mutane, ana tsokana, takalma na watsewa. Na yi alwala da ruwan leda na yi sallah a gindin wata aduwa, zuciyata fes. Har na shirya faɗan da zan yi masa, da yadda zan sa shi ya cire min wannan fitina daga waya a yau ɗin nan.

Da muka koma mota na ɗora wayar a cinya ina jiran ya buɗe. Malam Dalhatu ba mai doguwar addu'a ba ne da rana. Muka wuce gonaki, muka fara hango rufin kwanon Gumel, bai buɗe ba. Sai a lokacin na kula da sauran layukan da murna ta hana ni karantawa. Zafin bai sauka ba. Cajin ba a mayar ba. Mutumin da ya tashi da ƙafafunsa ya rufe murfi, zai bar ta tana ƙonewa a haka? Batir ya ce tara, ya ce huɗu. Daga nan wayar ta yi shiru, kuma ban taɓa jin tsoron shiru irin na ranar ba.

Ban jira tsani ba. Turmin da Rahamatu ta taka shi na taka, na haura na dira a tsakar gidansa, gwiwata ta amsa. Na ɗaga labulen zaure ta ciki.

Yana kwance a kan yashin zauren, a ɓarin dama, fuskarsa na kallon gabas, bakinsa ya karkace. Kujerarsa ta kife can gefe. Daga kujerar zuwa inda yake akwai sawun jan jiki, mai faɗi, kamar an ja buhu. Kwamfutar ta faɗo daga kan bulo ta zauna cikin yashi, a rufe, igiyar cajin na lilo daga bango. Abin sauraron yana rataye a ƙusarsa, bai ma sa shi ba. Tsakanin kansa da ƙofar da aka yi ta bugawa bai fi kamu biyu ba. Duk abin da aka faɗa a waje ya ji shi, har da sallamar da mai unguwa ya yi wa mutane.

Na taɓa wuyansa. Da ɗumi, amma babu komai a ciki.

Na yi salati na zare sakata. Kafin jama'a su cika zauren idona ya faɗa kan wani abu a yashin, daidai gaban ƙirjinsa: shatin tafin hannu ɗaya, yatsu biyar a ware, da wani a gefensa da bai fita sosai ba. Akwai yashi a goshinsa da gemunsa. Ashe da ya ji kiran la'asar ne ya rufe murfin, ya yi taimama da hannun da ya rage masa. Na ɗauko kwanon shan ruwansa na kife a kai don kada a tattake.

Rana na gab da faɗuwa Nana Firdausi ta iso daga Ɗanzomo, da lallen suna a hannunta. An riga an shigar da shi ciki, maza sun koma waje kan tabarmi. Ta tsaya a zauren, Rahamatu na riƙe da kafaɗarta. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta dubi kujerar, ta dubi sawun da ƙafafu suka fara sharewa.

"Alhaji," ta ce, ba ta ɗago ba, "ya samu la'asar?"

Na sunkuya na ɗaga kwanon.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta durƙusa, ta ware yatsunta a saman shatin, ta tsayar da hannun a iska, ba ta bari ya taɓa yashin ba.