Anzar Kan Dutse

Karo na biyu ke nan Kadijatu ta zame daga jikin dutsen ta faɗo kan tarin karan gero. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta, gwiwar hannunta na tsatstsafar jini.

Shekara biyu damina ba ta yi ba a Turba. Mijinta ya shiga motar Sakkwato neman aiki tun bayan sallah, ya bar ta da yara huɗu da rumbu fanko. Mata sun koma tsinkar 'ya'yan anza, a jiƙa su kwanaki har ɗacin ya fita, a dafa. Duk anzar da hannu ke kaiwa an gama da ita. Saura wadda ta fito a saman wannan dutse, mai tsawon ɗaki biyu, santsi ta ko'ina.

Baba Sodangi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana hawa duwatsu ɗibar zuma kafin ƙafarsa ta shanye, yana zaune a inuwa yana nuna mata da sanda. Shi ya ce ta cire takalmi, ta tara kara a ƙasa, ta murza toka a tafin hannu saboda gumi. Ya ce kuskurenta ɗaya ne, tana jan jikinta da hannu. Ƙafa ke hawa, hannu riƙo kawai yake yi. Ta manna cikinta da dutsen, ta nemi inda babban yatsanta zai zauna tukuna ta motsa.

Ta sake kamawa. Ta kai rabi sai ga Halliru, yayan mijinta, ya taho da sauri, wani ya kai masa labari a kasuwa. Ya ce ta sauko, matar gidansu ba za ta rataye a jikin dutse jama'a na kallo ba. Ya ce in ta karye, me zai ce wa ƙaninsa?

Kadijatu ba ta waiwayo ba. Kumatunta na manne da dutsen mai zafi ta ce, "Yaya Halliru, in akwai gero gidanka, aika a kai ma ɗiyana, yanzu in sauko. In babu, ƙyale ni."

 Gidan Halliru ma anza ake ci.

Kadijatu ta miƙa hannu, ba ta sami wurin riƙo ba. Sodangi ya ce ta numfasa, akwai tsaga sama da kanta, ta tura yatsu uku ciki. Ta lalubo ta. Ta taka, ta miƙe, ta jefa ƙirjinta kan leɓen dutsen, ta ja jiki har ta haye.

Ta daɗe tana tsinka, tana ƙullewa a gefen mayafinta. Da ta gama ta jeho ƙullin, ta leƙo ta tambayi yadda ake sauka.

Sodangi ya ce da baya ake sauka, kuma sai da mutum a ƙasa, hannuwa sama, ya tare kafaɗunta in ta zame. Shi ba ya iya tsayuwa. Ya dubi Halliru.

Halliru ya cire hularsa ya tura a aljihu, yana gunaguni, ya tsaya gindin dutsen ya ɗaga hannuwa.

Kadijatu ta dube shi daga sama. "Matsa dama kaɗan," ta ce. "Nan za ni biyowa."