Garin Accar Musaddiƙ

Hutun Lubna zai ƙare ranar Litinin, ɗanta Musaddiƙ kuwa, mai wata shida, bai taɓa haɗiyar komai ba sai nono. In bai karɓi kunu ba, babu yadda za ta bar shi ta koma aikinta a kantin magani na Cité Verte.

Mijinta Misbahu, mai sayar da wayoyi a unguwar Briqueterie, ya ce a bar masa wannan. Ya kalli bidiyoyi, ya gano cewa alkama na da wani abu wai shi gluten. Babu likitan da ya ce abin zai cutar da yaron. Duk da haka ya tafi kasuwar Mokolo ya auno acca, wadda ba ta da shi, ya kai injin niƙa da kansa.

Haman mai inji ya ɗebo dusa zai fara zubawa, kamar yadda yake yi wa kowa, don ta kwashe ragowar niƙan baya.

"Dakata!" in ji Misbahu. "Dusar mece ce?"

"Dusa ce dai, Alhaji."

"Da alkama a ciki?"

"Ban tambaye ta ba."

"To ajiye ta. Sans gluten nake so, wato marar gluten."

Haman ya ajiye. Abin da ya niƙa kafin nan yajin masu tsire ne, amma wannan ba a tambaye shi ba.

A gida Lubna ta dama kunu, ta kai cokali baki za ta ɗanɗana. Misbahu ya riƙe mata hannu.

"Kar ki soma. Ba burodi kika ci da safe ba?"

"Abban Musaddiƙ, kunun nan fa ja-ja nake ganinsa."

"Bitamin ne."

Shi ya ba yaron da kansa, ɗaya hannun na ɗaukar hoto. Musaddiƙ ya haɗiye, sannan ya tsala ihun da ya sa telolin layin suka tsayar da kekunansu. Tun daga nan, da ya hango cokali sai ya datse baki. An sake niƙa, an sake cokali, bai buɗe ba.

Ranar Litinin Lubna ta shirya, ta rataya jaka, ta ɗora wa Misbahu yaron.

"Da hantsi ka kawo mini shi ya sha nono. Da azahar ma, da la'asar."

"Shagona fa?"

"Ka rufe."

Ta tare tasi ta shige. Misbahu ya leƙa gidan maƙwabta yana tambayar yadda ake ɗaure zanin goyo.