Wuƙar da ke Wuyan Ɗanladi

Alhaji Maitama ya fi minti ashirin a tsaye bayan tagar ɗakin ajiya, ido ɗaya a tsagar labule, yana leƙen mai kiwon ragunansa. Shekara talatin da biyar ya yi a ofis yana duba fayil ɗin ma'aikata, kuma har ya yi ritaya bai daina gaya wa mutane cewa shi kallo ɗaya yake yi wa mutum ya san abin da ke cikinsa ba. Yau ya yi kallo ya fi ɗari, bai san komai ba.

A cikin kangon da ke jikin gidan, Ɗanladi ya sauke damin harawa a gaban raguna. Ya sa hannu ta wuyan taguwarsa kamar mai sosa ƙirji, sai ga wuƙa. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Ja ɗaya ya yi, igiyar damin ta rabu, wuƙar ta koma inda ta fito. Wannan saurin shi ya tayar wa Alhaji da hankali.

Matarsa, Hajiya Nana, ita ta fara gani da safe, lokacin da ta leƙa kangon don a karɓi koko.

“Na ɗauka laya ce,” in ji ta. “To amma Alhaji, ka taɓa ganin laya mai ƙota?”

Bai taɓa gani ba. Kuma maganar ta zo a mummunar rana. Tun da aka shiga wani gida a unguwar da ke maƙwabtaka da su aka tafi da mai gidan, kowa ya yarda cewa wani na ciki ne ya nuna hanya. Don haka mai unguwa ya sa a tara duk baƙin da ke aiki a gidajen wannan yanki na Ƙofar Marusa, yau bayan la'asar, kowa da ubangidansa. Ubangida zai ce ya tsaya wa mutum, ko ya tsame hannunsa. Wanda aka tsame wa hannu, 'yan sintiri ne za su tafi da shi su yi masa tambayoyi, kuma waɗanda aka tafi da su a baya ba duka suka dawo da ƙafafunsu daidai ba.

Wata huɗu ke nan da zuwan Ɗanladi. Magidanci ne, ya ba arba'in baya, daga wani ƙauye a yankin Batsari da mutanensa suka watse. Ba ya ƙorafi, ba ya roƙo, ragunan kuwa sun yi ƙiba har maƙwabta na shigowa kallo. Jiya wannan abin yabo ne. Yau Alhaji ya ga ai shi ma abin dubawa ne, don ina aka taɓa samun ɗan aikin da ba shi da ko aibi ɗaya?

Kafin azahar wuƙar ta sake fitowa sau biyar. An farke bakin buhun dusa da ita, an gyara kofaton wani rago, an tsaga goro, an yanke igiyar da ta naɗe wa wani ƙaramin rago ƙafa, an ciro ƙaya daga dunduniya. Kowace fitowa Alhaji na ƙirgawa. Daga nan wayar Ɗanladi ta yi ƙara. Ya duba, ya waiwaya hagu da dama, ya tafi can ƙuryar kango ya juya baya yana magana ƙasa-ƙasa. Alhaji ya saki labulen. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum ya tuna cewa ɗakin barcinsa bango ɗaya ne ya raba shi da kangon.

Bayan sallar azahar ya shiga kangon da kansa. Ɗanladi ya durƙusa.

“Barka da rana, Alhaji. An wuni lahiya?”

“Lafiya lau. Ya aiki?”

“Da godiya.”

“Ya zafin nan? Ya dabbobin?”

“Alhamdu lillahi. Babban nan ne dai ka ɗan tari, amma shina cin abinci.”

Alhaji ya yi kamar yana duba ragon. “Da wa kake waya ɗazu?”

Ɗanladi ya sunkuyar da kai yana murmushin kunya. “Mai ɗakina ce, Talatu. Tana wajen 'yan'uwanta. Ka san mu mutanen ƙauye, mutum ba ya magana da iyali a gaban jama'a.”

Amsar ta yi daidai. Ta yi daidai da yawa ma, a ganin Alhaji.

“Mi ne ne a wuyanka?”

Murmushin ya ɗauke. Ɗanladi ya jawo igiyar fata a hankali, ya fito da kuben. Ɗinkin baduku ne, ya yi baƙi saboda gumi, ƙotar ƙaho ta leƙo daga sama.

“Ta aiki ce, Alhaji.”

“Masu aiki a aljihu suke sawa.”

“Aljihu sai ta huda shi, in ka duƙa kuma ta zame cikin kashin dabbobi. A ƙugu, kowa ya gan ka sai ya canza hanya. Wuƙa mai naɗewa kuwa hannu biyu take so, ni kuma in rago ya shaƙe da igiya, hannu guda na riƙe da ƙaho. Nan ko da wane hannu na kai, tana nan. In ma abin ya zo da ƙarar kwana, kahin a ruga cikin gida a ɗauko babbar wuƙa, rago ya zama mushe.”

“To don mi kake ɓoye ta?”

Ɗanladi ya rage murya.

“Alhaji, ban taɓa hwaɗa ma kowa ba a garin nan. Bara 'yan bindiga sun ɗauke ni a gona. Sun lalube aljihu, sun lalube ƙugu, sun ɗaure mani hannu ta gaba. Guda ya kai hannu wuyana, ɗan'uwanshi ya ce mashi ya bari, laya ce, kada ya jawo masu tsiya. Kwana na ukku da rana tsaka masu gadin sunka yi barci. Da haƙori na jawo ta.”

“Ka gudo.”

“Na gudo. Ba a kai masu ko sisi ba. To shi ne laihina. Mutanen garinmu sunka ce wa ya taɓa dawowa haka nan, in ba nasu ba ne? Har a masallaci sai in ga an bar mani hili.”

Alhaji ya ji tausayi ya taso masa, ya yi maza ya danne shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mutumin nan ya kwana uku a hannun 'yan bindiga, ya dawo ba ko ƙwarzane, kuma waɗanda suka san shi tun yana yaro ma ba su yarda da shi ba. Shi Maitama, da ya san shi wata huɗu, a kan me zai yarda?

“Kawo ta,” ya ce.

Ɗanladi ya dube shi, duban da bai taɓa yi masa ba. Sannan ya cire igiyar ta kansa ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya nufi aljihun gefe da ita.

“Kada ka sa nan, Alhaji. Kuben ya tsuhwa ta ƙasa. In ka zamna, cinyarka za ta samu.”

Alhaji ya yi kamar bai ji ba, ya fice. Amma da ya shiga ɗaki zai sa babbar riga, ya gwada aljihun, ya ji tsinin yana taɓa shi ta cikin yadi. Ya gwada jakar hannu, ya tuna ba a zuwa ƙofar mai unguwa da jaka kamar mai zuwa banki. A ƙarshe ya rataya ta a wuya, ya saki riga a kai. Abin haushi, sai ta kwanta lub a ƙirjinsa, ko alama babu. Ya riga ya shirya abin da zai yi. In an zo kansu zai miƙe, ya yi ɗan jawabi a kan amana da sa ido, sannan ya fito da ita a gaban kowa ya tsame hannunsa. Har ya ji yadda za a ce, ai Alhaji Maitama ba a yi masa ɓoyo.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Baƙi sun fi ashirin a gefe guda, masu gadi, masu ga-ruwa, leburori, kowa ya yi tsuru-tsuru. Masu gida suna kan benci da kujeru. Alhaji na tsakiyar gaisawa da mai unguwa, an kai kan tambayar jikoki, ya ji Anas, shugaban 'yan sintiri, yana ɗaga murya.

“Duk mai ƙarfe a jikinshi, ko reza ce, ya aje a tabarmar nan kafin a fara. Wanda aka samu da shi bayan haka, shi ya sani.”

Alhaji ya ji sarai. Ya ɗauka da baƙi ake, ba da irinsu ba, kuma bai ga dalilin ɓata jawabinsa tun kafin lokaci ba. Ya gyara riga ya zauna.

Mutum na huɗu da aka lalube wani mai ga-ruwa ne. Aka samu guntun zarto a naɗe cikin hularsa. Ya rantse da shi yake gyara bakin jarka. Ubangidansa ya kalli ƙasa ya ce shi dai ruwa kawai yake saye a wajensa. Ƙarar marin da aka yi wa mai ga-ruwan ta sa har tsuntsayen kan darbejiya suka tashi. Aka tura shi bayan motar 'yan sintiri, takalminsa ɗaya ya rage a kan tabarma, ba wanda ya ɗauka.

“Kuma kada masu gida su ɗauka da baƙi kawai muke,” in ji Anas, yana bin benci da kallo ɗaya bayan ɗaya. “Infoman 'yan bindiga ba shi da kama. Wanda aka kama wancan watan, babbar riga gare shi, har da carbi.”

Kowa ya saci kallon na kusa da shi. Alhaji ya ji kuben ya manne masa a fata, gumi na bin gefensa. Sai yanzu ya ga abin yadda yake. Shi ne mutumin da aka ce a ajiye ƙarfe ya yi shiru. Shi ne ke zaune taku biyu daga mai unguwa da wuƙa a ɓoye cikin riga. In ya sa hannu ya zaro ta a gaban waɗannan masu gora da bindigar toka, wa zai jira jawabi?

“Alhaji Maitama da mutuminshi,” in ji Anas.

Aka lalube Ɗanladi, aljihu, ƙugu, hula, har cikin takalmi. Ba komai. Anas ya ja wuyan taguwar ƙasa. Ga shatin igiya nan ya zagaye wuyan, fari-fari inda rana ba ta taɓawa.

“Wannan fa? Mi kake ratayawa?”

Ɗanladi bai ɗago ba. Bai kuma dubi ubangidansa ba, ko da wutsiyar ido.

Hannun Alhaji ya kai ƙirji bai sani ba. Anas ya dubi hannun.

“Alhaji, lafiya?”

“Zafi ne,” ya ce, ya sauke hannun kan gwiwa. Muryarsa ta fito siririya, ba irin ta jawabi ba. “Laya ce yake sawa. Ni na ce ya cire, ban son irin wannan a gidana.”

“To ka tsaya mashi?”

“Na tsaya mashi.”

Aka miƙo littafi ya sa hannu. Biron ya zame masa sau biyu saboda gumi.

A hanyar komawa Ɗanladi na biye da shi a baya, kamar yadda ya saba. Alhaji ya so ƙwarai ya ce masa ya wuce gaba, ya rasa da wane baki zai faɗa. Har yanzu bai san ko Talatu ce a wayar ba. Bai san ko masu gadin sun yi barcin ba. Abin da ya sani kawai, sunansa na cikin littafi a gefen na mutumin.

Suna shiga kango ragunan suka taso da kuka. Ɗanladi bai kula su ba. Ya durƙusa a gaban Alhaji, gwiwa biyu a ƙasa, idanunsa sun kaɗa.

“Alhaji, ina neman gahwara.”

“Ta mi?”

“Sa'adda ka ce in kawo ta, wallahi zuciyata ta ce mani kai ma irin mutanen garinmu ne. Na ce za ka kai ta ne ka nuna masu. Tun daga nan har ƙohwar mai unguwa ina zaginka a raina. Ashe ɓoye mani ita za ka yi, a jikinka, har ka yi ƙarya don ni, da girmanka.” Ya share fuska da bakin taguwa. “Na zarge ka a banza. Ka yahe mani.”

Alhaji Maitama ya buɗe baki. Gaskiyar na nan kusa, ba ta fi kalma biyar ba. Ya dubi mutumin da ke durƙushe, ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

“Na yafe,” ya ce.

Ya cire hula, ya zaro igiyar ta kansa, ya miƙa masa da hannu biyu.