Yarinyar Da Ke Kan Gada

"Tsaya, Malam. Kana nufin ita kaɗai ta hau gadar?" in ji Tasi'u.

Malam Iliyasu ya ɗora littafin a cinya, ya jira tarin ya lafa, sannan ya ce ita kaɗai, ba ta riƙe da komai sai sifana.

Tun da ya bar koyarwa a Zakirai ya dawo ƙauye, matarsa kuma ta rasu, ba mai zama a zaurensa sai Tasi'u, maƙwabcinsa, manomin da bai taɓa shiga aji ba. Littafin na Turanci ne, 'yarsa Nana Aisha ta aiko masa daga Kano. Kullum bayan la'asar sai ya karanta shafi biyu ko uku a zuci, ya juya wa Tasi'u da Hausa. Labarin wata bakanikiya ce a wani babban birni, inda dodanni masu fukafukai da aman wuta suke saje da mutane, wani direban bas, wani mai gadin asibiti, ita kuma tana gane su.

Da farko Tasi'u ya ce wannan tatsuniya ce, ba ta dace da masu furfura ba. Kafin a gama noman farko, shi ke riga zuwa, ko ƙafa bai wanke ba. In bakanikiyar ta yarda da wanda bai kamata ba, sai ya kama faɗa. "Yarinyar nan" yake ce mata, kamar a gabansa ta girma.

Da gero ya fara fid da kai, Malam ya daina fitowa zaure. Tasi'u ya riƙa shiga har ɗaki da kwanon kunun da matarsa Hure ta dama. Shafi uku ya koma ɗaya, ɗayan ma sai an huta a tsakiya. Ran Laraba muryar ta ƙi. Tasi'u ya ce a bari sai ya ji sauƙi.

"Ga ta can kan gada, babban dodon yana tahowa," Malam ya ce a hankali. "Gobe ma gani."

Washegari da hantsi Tasi'u yana gona ya hango Hure tana ratsa kunyoyi, ita da ba ta zuwa gona. Ya ajiye fartanya. Kafin azahar an kai Malam makwancinsa.

Bayan sadakar uku Nana Aisha tana ɗaure kayan mahaifinta, Tasi'u ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya tambaye ta, cikin jin nauyi, ko yarinyar ta sauko lafiya. Ba ta gane ba sai da ya nuna littafin. Ta ce ita ba ta karanta ba, a bakin titi ta saya don ta ga yana da kauri, zai ɗebe wa Baba kewa. Ta miƙa masa da hannu biyu. La'asar na yi mota ta tafi da ita, aka sa wa zauren kwaɗo.

Ran Litinin Tasi'u ya tafi da littafin gona. Ya zauna gindin ɗorawa ya buɗe wajen ƙarshe, yana bin layukan da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Aka fara yayyafi. Ya tura littafin cikin riga, ya dafe shi a ƙirji, ya ci gaba da zama yana kallon gero yana jiƙewa.