Gwangwanin Mai Zuwa

Ranar da shinkafata ta ƙone ba barci nake yi ba, ko me maƙwabciyata take gaya wa mutane. Zama na yi in huta da ƙafa, ido kuma ya rufe da kansa. Ita maƙwabciyar nas ce, ƙofarta na kallon tawa a hawa na uku. Ita ta ga hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin ƙofa, ta yi ta bugu har na tashi. Tukunya ta yi baƙi ƙirin, bangon kicin ya ɗan yi duhu, ban da wannan babu abin da ya faru. Amma nas ba ta iya ganin abu ta haɗiye. Kafin in gama kankare ƙanzo ta riga ta buga wa babban ɗana waya.

Injiniya muke ce masa tun yana ƙarami, don babu rediyon da ya shigo gidanmu ya fita da ransa. Yanzu injiniyan ne na gaske, a kamfanin ruwa, da matarsa da 'ya'yansa can a ɗaya gefen gari. Ya zo da yamma, ya gaishe ni a tsaye, ya wuce kicin. Ya dubi bango, ya juya wajen firij. Da ya buɗe firij ne asirina ya tonu. Kwanuka ne a jere: shinkafar jiya, taliyar shekaranjiya, da wani dankali da ni kaina na manta ranar da na dafa shi, har ya fara gashi.

"Mama, wai mutum nawa ne a gidan nan?"

"Ka ƙirga mana, ai kai ne mai lissafi."

"Ke kaɗai ce. To wannan duk na wa?"

Ai ya san amsar. Ina da wani gwangwanin madara mai lotsattsen gefe, da shi nake awo tun kafin a haife shi. Kowane kai a gida gwangwani ɗaya, in an gama ƙirga kawuna sai a ƙara ɗaya. Wannan na ƙarshen shi ne na mai zuwa. Haka na ga mahaifiyata tana yi, ban taɓa tambayarta wane ne mai zuwan ba, don kullum sai ya zo. Yau abokin yara ne, gobe mai gyaran famfo, jibi wani ɗan'uwan mahaifinsu da ya biyo ya gaisa ya zarce har dare. Ranar da ba kowa, shi Injiniyan da kansa ne zai dawo daga ƙwallo, ya zari cokali, ya ɗaga murfin tukunya ya share.

Yara sun watse ɗaya bayan ɗaya, har Auta ta yi aure ta bar garin. Bara kuma mahaifinsu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ni na san gidan ya zama ni kaɗai, hannuna ne bai samu labari ba. Sai in auna gwangwani ɗaya, in dube shi a gindin babbar tukunya kamar an zage ni, in ƙara na mai zuwa. Sai in ce to in mai zuwan ya zo da wani fa? Kafin in ankara na zuba huɗu, na daɗe a tsaye ina yanka albasa, ƙafa ta kumbura, in je in zauna. Zaman nan ne ya jawo min nas.

Washegari Injiniya ya dawo da wani farin akwati na ɗumama abinci, ya jona shi a bango, ya fitar da kwanukana ya cika firij da wasu robobin dafaffen abinci masu leda a sama. Ya ce duk sati mai babur zai kawo sababbi. Daga nan ya durƙusa yana kwance kan tukunyar gas.

"Me kake yi?"

"Tafiya zan yi da ita, Mama. Yau tukunya ce ta ƙone, gobe ban san me za a kira ni a gaya min ba."

"Sake ta. Murhun nan ubanku ya saya min, a kansa na dafa abin da ya yi maka wannan ƙeyar."

Mun daɗe muna ja. Ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, na ce ya bari sai ya haife ni kafin ya yi min karin magana. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya sassauta. Ya ce zai bar min gas zuwa ƙarshen wata. In na iya dafa iya cikina, a ƙaramar tukunya, ina tsaye a kai har ya nuna, to gas ya zauna. Zai zo ba tare da ya sanar da ni ba. In ya tarar da babbar tukunya a wuta, ko ragowar abinci a firij, ba zai ƙara tambayata ba, ɗauka zai yi. Na ce na ji.

Kwanakin farko fushi ya hana ni kunna murhun, na ce bari in ci abin nasu in gani. A jikin kowace roba an rubuta da manyan baƙaƙe: na mutum ɗaya. Ban san wanda ya tambaye su ba. Za ka huda ledar da cokali mai yatsu, ka tura cikin akwatin, ka danna, robar ta yi ta juyi a cikin haske, can sai ƙararrawa ta buga kamar an tashi 'yan makaranta. Shi ke nan wai an yi girki. In faɗi gaskiya abincin ba shi da laifi. Gishiri daidai, nama ya yi laushi, da babu gara ba daɗi. Amma kaza da kifi duk bakinsu ɗaya, kuma tsakiyar kan yi sanyi gefe yana ƙona harshe.

Abin da ya fi damuna ba ɗanɗano ba ne. Gidan ne ya daina ƙanshi. Sai in fita in dawo in buɗe ƙofa, in ji warin sabulun wanke ƙasa kawai, kamar ɗakin jira na asibiti. Ga rana ta yi tsawo. Ashe girki ne yake cinye min hantsi, da tsince shinkafa, da jajjage, da wanke-wanke. Yanzu kafin in gyara ɗaurin ɗankwali abinci ya yi, in ci a tsaye a bakin taga ina kallon motoci, in waiga in ga har yanzu rana ba ta yi tsaka ba. Robobin ma na kasa zubarwa. Na riƙa wanke su ina jerawa a kan firij, don raina bai yarda a jefar da mazubi mai kyau ba, ko da yake ba ni da abin zubawa a ciki.

Da na ga wata yana tafiya, na tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Na sauka kasuwa na nemi ƙaramar tukunya. Mai kayan kicin ya miƙo min wata, na ce ta yi girma, ya miƙo wata, na ce a rage. Ya dube ni ya ce, "Mama, ta jariri kike nema ko ta shayi?" Na ce ta tsohuwa ce, ya yi dariya shi kaɗai.

Babu wanda ya taɓa gaya min girkin mutum ɗaya aiki ne mai wuya. Albasa ɗaya ta yi yawa, rabi kuma ya za a yi da ɗaya rabin? In ka ajiye shi ya bushe yana kallonka. Tumatir ɗaya, ƙwai ɗaya, mai a cokali. Gishirin da na saba watsawa da tafin hannu yanzu sai da 'yan yatsu biyu, na farko ma da na yi sai da na zubar don ya yi ɗaci. Duk wannan mai sauƙi ne a kan gwangwanin. Ina auna ɗaya, kafin in ɗago kai hannuna ya koma buhu ya ciko na biyu, kamar hannun wata. Sabo turken wawa. Sau da yawa sai na ga ƙaramar tukunya tana tumbatsa murfi yana rawa kafin in gane abin da na yi. Ragowar kuma ba halin sa wa a firij, sai in ƙwanƙwasa wa nas in ba ta, tana karɓa tana yi min kallon mara lafiya.

Daga baya na samo dabara. Sai in auna ɗaya, in ɗaure bakin buhun tamau, in ja shi har uwar ɗaka in turo ƙofa, sannan in dawo in kunna wuta. Wawanci ne, na sani, tsohuwa tana ɓoye wa kanta shinkafa. Amma ya yi aiki. Na riƙa tsayawa a kan tukunyar kamar yadda aka ce, ba zama, ba lumshe ido, ga shi ma ba ta daɗewa.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare na yi girkin da ya fi kowanne. Na soya rabin albasa har ta yi ja, na sa tumatir, na zuba shinkafa, da ta kusa tsotsewa na fasa ƙwai a kai na rufe. Ta fito warwar, daidai faranti ɗaya. Na zauna a kujera na ci a hankali, na cinye tas, ban ƙoshi da yawa ba kuma ban ji yunwa ba. Na wanke tukunyar, na goge, na mayar da murfinta, na ɗora a kan murhu. Har na ji wani ɗan alfahari, na ce yau ko wa zai zo bincike ya zo.

Ban daɗe da zama ba aka ƙwanƙwasa. Shi ne, da takalman aiki duk laka, rigarsa ta jiƙe har kafaɗa, idonsa ya faɗa.

"Sannu da gida, Mama. Wani babban bututu ne ya fashe a nan bayan layinku, tun asuba muna kai. Ko ruwan shayi ban sa a cikina ba." Ya ja numfashi ya yi murmushi. "Tun daga hawa na biyu na san kin yi girki."

Ya wuce kicin, na bi shi ina jiran ya buɗe firij ya ga aikina. Bai ko kalli firij ba. Aljihun cokula ya ja, ya zari cokali, ya ɗaga murfin tukunya.

Na ga fuskarsa a gindin tukunyar, don na goge ta sosai. Ya ɗan tsaya, murfi a hannu ɗaya cokali a ɗaya. Mutum ne mai furfura a gemu, amma a wannan tsayuwar yaron nan ne da ya dawo daga ƙwallo. Sai ya mayar da murfin a hankali, ya saka cokalin inda ya ɗauko.

"Yawwa, Mama. Haka nake so." Ya buɗe firij ya leƙa, kamar dama abin da ya kawo shi ke nan. "Kin gani? Ba ragowa, ba ɓarna."

"Zauna in ɗora maka. Yanzun nan za ta nuna, buhun yana ɗaka."

"A'a, ana jirana, fitowa na yi in duba ki in koma. Bari in ɗumama ɗaya daga cikin waɗannan."

Na riga shi ɗauka, don ko wannan ne dai ya fito daga hannuna. Na huda ledar, na tura, na danna. Muka tsaya mu biyu muna kallon roba tana juyi har ƙararrawa ta buga. Ya ci a tsaye a bakin taga, inda nake tsayawa, yana hura gefe yana tauna tsakiya mai sanyi. Ya share ta tas, har ya bi kusurwoyi da cokali, na san bai ƙoshi ba. Ni na haifi yaron nan, ya girma, ya yi furfura, bai taɓa ɗaga murfi a gidana ya tarar da wayam ba sai ranar. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, kuma ban san wa zan ba haƙuri ba.

"Ai abincin nan ba laifi," ya ce, yana jefa robar a kwandon shara.

A bakin ƙofa ya juyo. "Gas ya zauna, Mama. Kin cika alkawari, ni ma na cika."

"Ka biyo gobe in dafa maka."

"Gobe da wuya. Sai dai wani satin. Kuma daga yau zan riƙa kiranki kafin in zo, ki san da ni, kada ki wahalar da kanki a banza."

Ya sauka ina jin takalmansa har ƙasa. Wanda ya kira kafin ya zo ai ba mai zuwa ba ne, ƙirga shi ake yi cikin kawuna. Na koma na ciro robar daga shara, na wanke, na ɗora a kan 'yan'uwanta.

Da safe na jawo buhun daga uwar ɗaka na dawo da shi kicin, na kwance bakin na bar shi a buɗe kusa da ƙafata. Na ce yau biyu zan zuba, in ya so ya zo ya ɗauki gas ɗinsa, ya haɗa da murhun. Na yanka albasa, na auna, na wanke, na ɗora, na tsaya a kai ina ta shirya maganar da zan gaya masa.

Sai da ruwa ya tsotse na ɗaga murfi na ga shinkafar daidai faranti ɗaya ce. Gwangwanin yana kife a gefen murhu inda na ajiye shi, buhun yana nan a buɗe. Ban hana hannuna ba, shi da kansa bai koma ba.